Maganin da Ke Kwaikwayon Tuwo

Yau a filin lafiya hira za mu yi kan wani nau'in maganin ciwon suga, kuma ina so mu faro daga kwanon tuwo.

Tuwon masara, shinkafa, doya, burodi, duk sitaci ne. Shi kuwa sitaci, in an duba ƙirarsa, kamar carbi yake: ƙwayoyin suga ne aka jera a zare ɗaya, ɗaruruwa, har dubbai. Hanji ba ya iya tsotse carbin yadda yake, sai an tsinka shi ƙwaya-ƙwaya. Masu wannan aiki wasu sinadarai ne da likitoci ke kira enzayim. Na farko, amiles, yana cikin yawu da kuma ruwan narkar da abinci da ke zuba cikin hanji, shi ke datsa carbin gutsi-gutsi. Na biyu, gulukosides, yana manne a bangon ƙaramin hanji, shi ke ɓalle ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya su shiga jini. Shi ya sa mai ciwon suga ke ganin awonsa ya yi sama bayan ya ci abinci.

To, ga dabarar da masana suka yi. Kowane enzayim yana da ɗan rami a jikinsa wanda sifar abin da yake yankawa kaɗai ke zama daidai a ciki. Sai aka nemi abin da ya yi kama da guntun sitaci amma ba ya yankuwa. A kamfanin Bayer na Jamus aka samo shi, daga wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ƙasa, aka sa masa suna akarbos. Ya shiga kasuwar Jamus a 1990, Amurka ta amince da shi a 1995, a kantin magani kuma za ku ga an rubuta Glucobay. Zobe huɗu gare shi a jere, sak guntun carbi. Sai dai a mahaɗa ɗaya, inda oksijin ke zama a sitaci na gaske, naitirojin ne a wurin. Enzayim ya cafke shi yana zaton abinci ne, ya kasa yanka wannan mahaɗa, ya kuma daɗe bai sake shi ba. Kafin nan tuwon ya gangara, sugansa na shiga jini a hankali.

Wannan ƙira ita ce dalilin duk ƙa'idojin shansa, kuma a nan nake roƙon ku kasa kunne. Da lomar farko ake shan sa, domin dole ya riga abincin isa wurin enzayim. Wanda ya sha bayan an ɗauke kwano ya yi asarar ƙwayarsa. Sannan sitacin da bai narke ba yana wucewa babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su ci, su haifar da iska. Kumburin ciki, yawan tusa, wani lokaci gudawa, duk daga nan suke. Na san kunya kan sa mutum ya ajiye magani shiru bai gaya wa kowa ba. Don Allah ku koma wa likita, yakan fara da kaɗan ya riƙa ƙarawa har ciki ya saba.

Abu mafi haɗari kuwa shi ne wannan. Idan kuna haɗa shi da allurar insulin ko wasu ƙwayoyin ciwon suga, suga na iya faɗuwa: rawar jiki, gumi, jiri. Sugan shayi ba zai yi ceto da sauri ba, saboda shi ma sai gulukosides ya raba shi biyu, ga shi an toshe shi. Garin gulukos ake sha, don haka a ajiye shi kusa, a kuma sanar da mutanen gida. Mai ciwon hanji mai tsanani, ko hanta, ko ƙoda, ya faɗa wa likita tun kafin a rubuta masa.

Bincike bai tsaya ba. A jami'ar British Columbia ta ƙasar Kanada an gano wani sinadari, montbiretin A, a saiwar wata fulawa da asalinta kudancin Afirka ne. A 2015 aka wallafa hoton yadda yake naɗe kansa ya cika ramin amiles. Fatan da ake yi, tun da enzayim ɗaya ya fi kamawa, ya rage damun ciki. Har yanzu ba a sayar da shi a kantin magani. Ina faɗar haka ne saboda masu tallan sassaƙe da lasifika a kasuwa, waɗanda za su ce ai Turawa ma daga tsiro suke samowa. Gaskiya ne, amma sai da aka ware sinadari ɗaya, aka ga sifarsa, aka auna yawansa. Ruwan da ke cikin gora ba wanda ya auna.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake awon suga a gida.