INJIN RAGE TUMBI: SHIN YANA AIKI KUWA?

Jawabin wayar da kan jama'a ga mazauna unguwar Gabukka, Gombe



Abin da ya tara mu yau shi ne wata haja da ta cika kasuwa da akwatin talabijin da wayoyin hannu, watau kayan motsa jiki na cikin ɗaki waɗanda masu talla ke cewa suna narkar da tumbi cikin 'yan makonni. Akwai taya mai hannu biyu da ake gangarawa, akwai kujerar da ake lanƙwasawa, akwai kuma ɗamara mai batir da ke girgiza ciki. Kafin magidanci ya taɓa kuɗin cefane ya saya, ya kamata ya san gaskiyar al'amari.

Ciki yana da tsoka, kitse kuma yana kwance a kanta da kewayen hanji. Aikin waɗannan kaya shi ne ƙarfafa tsoka. Amma jiki ba ya ƙona kitsen wurin da aka motsa kaɗai. Yana ɗebowa ne daga ko'ina ta hanyar jini. Saboda haka mutum yana iya samun tsoka mai tauri alhali kuwa teɓa tana nan a bisanta.

Masana sun gwada wannan. A shekarar 1984, a Jami'ar Massachusetts ta Amurka, maza 13 sun yi atisayen kwanciya da tashi har sau 5,004 cikin kwana 27, amma kitsen cikinsu bai ragu fiye da na bayansu ba. A 2011 kuma aka sake gwaji da mutum 24 na tsawon mako 6. Masu atisayen sun ƙara juriya, tumbi kuwa bai motsa ba. Game da ɗamarar lantarki, a 2002 Hukumar Kula da Ciniki ta Amurka ta kai masu sayar da AbTronic da AB Energizer da Fast Abs kotu saboda tallan ƙarya. Mai juna biyu da wanda aka dasa wa na'ura a zuciya su guje ta ƙwarai.

Maganar tumbi ta wuce ado. Kitsen da ke kewaye hanji da hanta yana jawo ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Kowa ya ari abin awo wurin tela ya auna cikinsa daidai saman cibiya. Idan namiji ya wuce santimita 94, mace kuma 80, lokacin gyara ya yi. Hanya mafi sauƙi ita ce kada awon ya kai rabin tsawon mutum.

To, mene ne magani? Na farko, rage abin da ke shiga. A sassauta malmalar tuwo da shinkafa da soye-soye, a yawaita wake da zogale da ganye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da baligi ke sha a rana kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12, ga shi kuwa kwalbar lemo guda tana iya cinye fiye da rabin wannan. Na biyu, motsa jiki gaba ɗaya: aƙalla minti 150 a mako, watau rabin sa'a sau biyar. Tafiya da sassarfa bayan sallar asuba, ko hawa keke, ko zagayen filin wasa na Pantami, duk sun wadatar, kuma ba sa cin ko kwabo. Wanda ya riga ya sayi injin ya ci gaba da amfani da shi don ƙarfafa baya da ciki, amma kada ya dogara gare shi.

Gargaɗi na ƙarshe: ba kowane babban ciki ne kitse ba. Cikin da ya kumbura farat ɗaya, ko ya zo da rama, ko ciwo, ko kumburin ƙafa, yana iya zama ruwa daga ciwon hanta, ko ƙari a mahaifa. Mai irin wannan ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Mai jego ma ta nemi shawarar ma'aikatan lafiya kafin ta soma atisayen ciki.

Tumbin da ya taru cikin shekaru ba ya tafiya cikin mako, amma sannu ba ta hana zuwa. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.