Ƙarfen da Aka Tsinta a Akwatin Marigayi

(Jawabin da kwamitin dattawa ya gabatar a taron ƙungiya na wata-wata, a nan Lafia)

  

A taron da ya wuce ne aka ɗora mana aikin binciko wani ƙarfe da ya fito a rabon gadon wani dattijonmu maharbi, Allah ya jiƙansa. Ga shi nan bisa tebur. Wanda bai gani ba, abu ne kamar awartakin maƙera, tsawonsa bai wuce taƙi guda ba. Bakinsa dunƙulalle ne, in aka buɗe sai a ga rami mai kama da rabin ƙwallo a kowane gefe, in aka rufe su haɗu su zama ƙwallo cikakke, da wata 'yar ƙofa ta sama. Kusa da ƙusar da ta haɗa hannayen biyu akwai ɗan kaifi kamar na almakashi, a jikin hannu ɗaya kuma an buga lamba 16.

To, jama'a, mun sha jin fassara. Wani ya ce na wanzamai ne, na cire haƙori. Wani makiyayi ya ce ko na dandaƙar shanu ne, amma da ya riƙa a hannu ya ce a'a, wannan ko ɗan akuya ba zai yi wa ba. Matan gidan kuwa sun daɗe suna fasa ƙwallon dabino da goruba da shi. Maganar da ta fi tsayar da mu ita ce ta wani masunci da ke zuwa daga bakin Binuwai, wanda ya ce da irinsa ake zuba dalmar da ake ɗaura wa birgi don ya nutse. Ya yi kusa ƙwarai, don batun dalma ya faɗi daidai. Sai dai dalmar birgi tana da huda ko tsaga inda igiya za ta shiga, ramin wannan kuwa sumul yake, ba abin da zai bar huda.

Wani tsohon maƙeri ne ya warware mana. Ya juya shi sau biyu, ya ce abin zubin harsashin bindigar toka ne, wadda wasu ke ce wa adaka ko harba-ka-ruga. 'Yar ƙofar nan ta sama ta nan narkakkiyar dalma ke shiga, kaifin nan kuma shi ke datse ɗan wutsiyar da ke saura a jikin ƙwallon. Muka gwada da ƙwallayen dalma guda biyar da suke cikin akwatin, kowanne ya zauna a ramin daram, kuma kowanne da ɗan tabon wutsiyar da aka datse. Nan gardama ta ƙare.

Lambar nan ta 16 ita ce ta fi ba mu sha'awa, don da farko mun ɗauka shekara ce ko lambar kanti. Ashe awo ne. Turawan Ingila suna auna faɗin bakin bindiga da yawan ƙwallayen da za a fitar daga laba ɗaya ta dalma, wato giram 454. In an ce 16, ana nufin laba ɗaya ta ba da ƙwallo goma sha shida, kowanne wajen giram 28, faɗinsa kusan milimita 17. In an ce 12, ƙwallo goma sha biyu ke nan, kowanne ya fi girma. Kun ga abin a juye yake: ƙaramar lamba, babban baki. Har gobe da wannan lissafin ake kiran bindigar farauta mai baki biyu, kun sha jin ana cewa mai lamba 12. Mun auna ɗaya daga ƙwallayen a sikelin mai sayar da zinariya, ya faɗa inda lissafi ya ce.

Wani zai tambaya, in na maharba ne, yaya aka yi maharbanmu uku suka duba ba su gane shi ba? Ai ba laifinsu ba ne. Bindigar toka ta gaɓar teku ta shigo mana. Sunan da Turawa ke kiranta da shi ma daga mutanen Denmark ya samo asali, waɗanda suke da ganuwar ciniki a Ankara ta ƙasar Gana, ko da yake yawancin bindigogin a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam aka ƙera su. A 1890 ƙasashen Turai suka yi yarjejeniya a Brussels, suka ƙuntata sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani, suka bar masu ƙanƙara da albarushin kasuwa. Shi ya sa tsohuwar bindiga ta daɗe a hannunmu bayan an daina yayinta a can, har maƙeranmu suka koyi ƙera ta. Amma dalma tana da tsada, saboda haka maharbinmu da abin da ya samu yake ɗuri: guntayen ƙarfe, tsakuwa, daga baya boris ɗin keke. Wanda ya mallaki abin zubi irin wannan, to mai hali ne, ko kuma yana da hulɗa da kantunan Turawa. Marigayin kuwa iyalansa sun ce kakansa fatake ne masu bin hanyar gishirin Awe da Keana har su gangara Binuwai. Mu dai a ganinmu ta wannan hanya ƙarfen ya zo.

Yanzu ga inda muke son a buɗe kunne, don ba don tarihi kaɗai muka tsaya a gabanku ba.

Ƙwallayen nan biyar, da su shida ne. Yaran gidan sun mai da su 'ya'yan dara, ɗaya ya ɓata, kuma an ga ƙaramin cikinsu yana sa su a baki. Iyayenmu mata, dalma guba ce, kuma yaro ta fi kamawa. Ba mu manta da Zamfara ba a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja. Ba muna cewa ƙwallo biyar sun kai wancan ba, kada a ɗauke mu da ƙarin gishiri. Amma dalma ba ta da kaɗan a jikin yaro: tana taruwa a hankali, ta kawo ciwon ciki da ƙarancin jini, ta dakushe ƙwaƙwalwa, in ta yi yawa har jijjiga. Mun ba gidan shawara a kai yaron asibiti, a gaya wa likita ƙarara cewa ya yi wasa da dalma, har da batun ƙwallon da ya ɓata. An kai shi, alhamdu lillahi. Ƙarfen kuma mun ce ya bar madafa, ya daina taɓa abin da za a ci.

Sai batun hukuma. A ƙasan akwatin akwai ƙaho da sauran albarushi a ciki. Dokar makamai ta 1959 ta hana riƙe harsashi ko haɗa shi ba tare da izini ba, kuma lasin na mai shi ne, ba a gadonsa kamar gona. Ɗaya daga samarin gidan ya so ya zuba kayan a buhu ya hau mota zuwa wurin 'yan uwa a Kano. Ku duba shingayen da ke tsakanin nan da Akwanga kawai, balle gaba. Ƙarfen shi kaɗai ba ya harbi, gaskiya ne, amma a same shi tare da dalma da albarushi a buhun saurayi, a irin wannan zamani, wa zai tsaya jin labarin kaka? Kuma mu nan, ko da kakanninmu sun daɗe tare da Barebarin Lafia da Alago da Eggon da Gwandara, in ɗanmu ɗaya ya shiga irin wannan magana, sunan Hausawan gari duka za a kira. Saboda haka muka bi ta hannun mai unguwa, aka sanar da 'yan sanda, aka miƙa ƙahon da ƙwallayen, aka karɓi takarda. Duk wanda ya buɗe akwatin tsoho ya ga irin wannan, don Allah kada ya jefa a shara ko a murhu, tsohon albarushi yana kamawa. Ya zo ya same mu, mu raka shi.

Saura ƙarfen kansa. Magada sun rabu biyu: wasu na son a sayar wa 'yan gwangwan a raba kuɗin, wanda ba zai sayi mudun gero ba, babbar 'yar marigayin kuwa ta ce a ajiye. Mu ra'ayinmu a kai shi gidan tarihi da sunan gidansu a rubuce, amma hukunci nasu ne, kuma sun ce za su ba mu amsa kafin taro mai zuwa. Kafin nan yana hannun ma'aji. Mai son gani ya matso bayan addu'a, sai dai a wanke hannu in an taɓa.