Jawabin Buɗe Baje Kolin Kayan Kwalliyar Iyayenmu a Gumel

Mai Martaba Sarki, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da dagatai na Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, malamai, iyayenmu mata, ɗalibai.

Hoton da zai fara tarbarku a bakin zauren nan ba daga ƙasar Gumel ya fito ba. Hoton faifan dutse ne mai siffar karfasa, sassaƙar mutanen Naƙada a kudancin Masar, fiye da shekara 5000 da suka wuce, tun ba a naɗa Fir'auna ba. Daga Wadi Hammamat suke ɗauko dutsen, can cikin hamada tsakanin Nilu da Bahar Maliya. Wani su yi shi kunkuru, wani dorina, wani tsuntsu. A kan faifan suke niƙa koren dutse da kwalli da ɗan tsakuwa, su zizara a ido. Mutum ya rasu, a binne shi da faifansa, sau da yawa daf da fuskarsa. Da mai binciken kayan tarihi Flinders Petrie ya tono maƙabartar Naƙada a 1895, ya samo su da yawa. Yau wasunsu suna cikin gilashi a Landan da Alƙahira.

Ranka ya daɗe, da na ga hoton nan, kakata na tuna. Kwallinta na dutse ne, ita take niƙa abinta har ya yi laushi, ta ɗura a tandun fata da ke rataye a kan gadonta. Ran Alhamis in za a ci kasuwar Maigatari, ko ran suna, tandun nan ake fara saukewa. Da ta rasu an raba fanteka da tasoshi, tandun kuwa ba wanda ya tambaya, har ya ɓace. Abin yana ci mini rai har yanzu, shi ya sa muka bi gida gida muka roƙo kayan da kuke gani.

Iyayenmu mata, ku gafarce ni da magana ɗaya. Kwallin dutse yana ɗauke da dalma, likitoci kuma sun yi gargaɗi a daina sa wa jarirai. A adana tandun, a tsare idon jariri.

Mai sauran tandu ko dutsen niƙa a ƙuryar ɗaki, ta kawo mana, za mu rubuta sunan mai shi da garinta a jikinsa. Da izinin Mai Martaba, na buɗe wannan baje koli. Allah ya sa albarka.