Zaman Ɗalibi a Ɗakunan Kwanan Jami'a: Maslaharsa da Mafsadarsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa iyaye da ɗalibai, tambayar da ake yawan kawo mana a farkon kowace shekarar karatu ita ce: yaro ya zauna a ɗakunan kwanan jami'a, wato hostal, ko a kama masa haya a cikin gari? Malaman usulu sun koyar da mu cewa idan maslaha da mafsada suka haɗu a abu guda, sai a auna su kafin a yanke hukunci. To bari mu auna.

Maslaha ta farko ita ce kusanci. Ɗalibin da yake kwana a Suleiman ko Danfodio a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, da ƙafa yake zuwa aji da laburare da masallaci, babu kuɗin mota, kuma jam'in Asuba ba ya kuɓuce masa sai in shi ya so. Ta biyu, kuɗin gado a hostal ya fi haya sauƙi nesa ba kusa ba. Ta uku, tsaro. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun sace ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau, kuma daga gidajen haya na Sabon Gida, wajen makaranta, aka kwashe su. Katanga ba ta hana ƙaddara, amma riƙo da sababi wajibi ne. Ta huɗu, tarbiyya: yaro yana koyon girki da wanki da tattalin kuɗi, da haƙurin zama da wanda ba yarensu ɗaya ba, kuma yana kusa da karatuttukan Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa tun 1954.

Amma mafsada ma tana nan. Gadajen ba su kai yawan ɗalibai ba, don haka ɗakin da aka gina domin mutum huɗu sai a tarar da ninkinsu, wasu 'yan raɓe ne da ba sunansu a takarda. Daga cunkoso ake samun ƙazantar banɗaki, da layin ruwa, da sata, da hayaniyar da take hana barci da muraja'a. Tun da gwamnati ta janye tallafin ciyar da ɗalibai a 1984, girki ya koma hannunsu, ga risho ga tukunyar gas a inda ake kwana, haɗarin gobara kuwa ba ɓoyayye ba ne. Sannan tarzoma a hostal take fara ruruwa. Rikicin Samaru na watan Mayun 1986, wanda 'yan sanda suka kashe ɗalibai a cikinsa, ya biyo bayan jerin gwanon da ya ratsa ɗakunan mata na Amina.

Mafi girman haɗari shi ne abokin zama, domin galibi ba kai kake zaɓensa ba. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ta hannun abokin ɗaki ake fara shan ƙwaya da shiga ƙungiyar asiri, ta hannunsa kuma wani yake haddace Alƙur'ani.

Abin da ya rinjaya a wurinmu shi ne, wanda gidansu ke kusa da jami'a ya zauna gaban iyayensa. Wanda ya zo daga nesa, musamman 'ya mace da ɗan shekarar farko, hostal ya fi masa haya, domin a can akwai ƙofa da mai gadi da doka. Amma da sharuɗɗa: uba ya je da ƙafarsa ya ga ɗakin, ya san abokan zaman ɗansa da sunayensu, ya haɗa shi da wani amintacce a garin, kuma ya riƙa aika guzuri a kan lokaci, domin yunwa ƙofar ɓarna ce. Kai kuma ɗalibi, idan ɗakinka ya zama matattarar shashanci, ka nemi ofishin kula da harkokin ɗalibai ya sauya maka, kada kunya ta hana ka.

'Ya'ya amana ne, kuma za a tambaye mu a kansu. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba su ilmi mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.