Aikin Gini da Hanyoyi: Wanda Ya Fito Kaso Yana da Rabo a Ciki?

 

Hirarmu ta yau ta shafi abu biyu. Na farko, yadda mutum ke shiga aikin gini da hanyoyi da gadoji, ya yi ta hawa har ya zama babba. Na biyu, halin ɗan uwanmu da ya taɓa yin laifi, alƙali ya ɗaure shi, ya gama wa'adinsa, ya fito yana neman abin da zai ci da iyalinsa. In kai ne, to ka kasa kunne. In ɗanka ne, ko ƙanenka, ko maƙwabcinka, ka karanta masa wannan takarda.

Aikin da ba ya ƙarewa

Ƙasarmu Nijar tana da faɗi ƙwarai, kuma ba ta da teku. Galibin kayan da muke saye da waɗanda muke sayarwa bisa mota suke tafiya. Saboda haka hanya ita ce jijiyar ƙasa. A 1970 aka buɗe gadar Kennedy a Yamai. Wajen 1980 aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit saboda ƙarfen uraniyom. Yamai ta samu gada ta biyu a 2011, ta uku a 2021. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan ya ci hannun mutane da yawa, tun daga mai tura baro har zuwa injiniya.

Kuma abin da aka gina yana son gyara. Kun ga ruwan daminar 2024, yadda ya rushe gidaje ya yanke hanyoyi. Wanda ya iya wannan sana'a ba ya daɗewa zaune.

Yaya ake hawa?

Mafi yawan mutane daga lebura suke farawa: ɗaukar bulo, kwaɓa siminti, haƙar rami. A ƙofar shantiye ba a cika tambayar lebura takardar makaranta ba. Ƙarfinsa ake dubawa, da zuwansa kan lokaci.

Amma kada ka tsufa kana lebura. Ka zaɓi sana'a guda, ka manne wa wanda ya iya ta: magini, ko mai ɗaurin ƙarfe, ko kafintan da ke haɗa katakon da ake zuba kankare ciki, ko direban injin daddale hanya. Daga nan sai shugaban ƴan aiki, mai kula da mutum goma ko ashirin. Gaba da shi akwai shugaban shantiye. A sama kuma akwai masu fasaha da injiniyoyi, waɗanda ke zana aikin, su yi lissafin nauyin da gini zai iya ɗauka.

Me ke raba lebura da shugabansa? Karatu da lissafi. Ga misali. Kankaren ginshiƙi da na rufin bene, bisa al'ada kilo 350 na siminti ake sa wa kowace mita mai kusurwa, wato tsawo mita guda, faɗi mita guda, zurfi mita guda. Buhu guda kilo 50 ne, ke nan buhu 7. In aka zuba, sai a yi ta ba shi ruwa har kamar mako guda, don zafin ƙasarmu yana busar da shi tun bai kama ba. Sai bayan kwana 28 ake auna ƙarfinsa na sosai. Wanda ya san wannan, ya iya karanta igiyar awo da zanen gini, ya iya rubuta sunayen ƴan aiki da adadin buhunan da suka shigo, shi ake miƙa wa makullin sito. Kun ga amfanin karatun da kuke yi da dare.

Mai son takardar shaida kuma, makarantu suna nan. Akwai cibiyoyin koyon sana'a, wato CFM, a cikin ƙananan hukumomi. Akwai makarantar fasaha ta Dan Kasawa a Maraɗi. Jami'ar Maraɗi tana koyar da aikin gini a sashenta na fasaha. A Yamai akwai makarantar EMIG, inda ake fitar da manyan masu fasaha da injiniyoyi. Hukumar FAFPA tana taimakon ƴan koyo, ofishin ANPE kuma yana rubuta sunan masu neman aiki.

Takardar da ake jin tsoro

Yanzu mu zo ga ɗan uwanmu da ya fito kaso. Abin da ya fi tsorata shi ita ce takardar kotu da ake kira kaziye. Kundi ne da ake rubuta hukuncin da kotu ta yanke wa mutum. A 1961 aka yi dokar da ta tsara shi, aka kuma yi mata gyare-gyare daga baya.

Kaziye kashi uku ne. Lamba 1 ta alƙalai ce kawai, komi yana ciki. Lamba 2 wasu ma'aikatun gwamnati ake ba. Lamba 3 ita ake ba mutum a hannunsa, kuma ita ce mai ɗaukar aiki ke tambaya. Ana karɓar ta wurin magatakardan kotun da garin haihuwarka ke ƙarƙashinta. Ka je da takardar haihuwa da kuɗin tambur. Yawanci ana son wadda ba ta wuce wata uku ba.

Ku lura da abu uku da mutane da yawa ba su sani ba.

Na ɗaya, kwana a kaso daban, hukunci daban. In an tsare ka kana jiran shari'a, daga baya alƙali ya wanke ka, ko aka sallame ka ba tare da hukunci ba, takardarka fara ce.

Na biyu, ba kowane hukunci ke fitowa a lamba 3 ba. Hukunce-hukuncen ɗauri ne ake rubutawa a cikinta. Saboda haka kada ka zauna gida kana zato. Je ka karɓo takardarka, ka karanta da idonka.

Na uku, afuwar da shugaban ƙasa ke yi wa ƴan kaso tana rage kwanakin ɗauri, amma ba ta goge hukuncin daga kundi.

Ƙofar da ke rufe, da wadda ke buɗe

Mu faɗi gaskiya. Shiga aikin gwamnati yana da wuya ga wanda takardarsa ke da tabo, domin a jarrabawar shiga ana neman kaziye, ana kuma son mutum ya kasance da cikakken ƴancinsa na ɗan ƙasa. Manyan kamfanoni su ma sukan tambaya, musamman in aikin ya shafi riƙon kuɗi ko gadin kaya.

Amma ƙananan ƴan kwangila, da masu ginin gidaje, da ayyukan gayya na gyaran hanyar karkara, aikin hannunka suke kallo. Ta nan za ka shiga. Ga shawara huɗu.

Kada ka yi ƙarya, kada kuma ka sayi takardar jabu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma takardar jabu sabon laifi ce da za ta mai da kai inda ka fito. In ba a tambaye ka ba, ba dole ne ka yi shela ba. In an tambaye ka, faɗi a taƙaice: ga abin da ya faru, ga shekarar, na gama wa'adina, ga abin da na iya.

Ka nemi mai tsaya maka: mai unguwa, ko limami, ko tsohon maigidanka na sana'a. A ƙasarmu shaidar dattijo tana da nauyi.

Duk inda ka gama aiki, ka nemi takardar shaidar aiki. Dokar ƙwadago ta 2012 ta wajabta wa mai aiki ya ba ka ita, da ranar da ka fara, da ranar da ka bari, da irin aikin da ka yi. Ka adana su kamar yadda kake adana iri. In sun kai uku ko huɗu, su za su yi magana a madadinka.

In ka koyi sana'a ko karatu a cikin kaso, kada ka ji kunyar faɗi. Hannun da ya iya, ya iya.

Wanke suna

Doka ba ta ce tabon ya zauna har abada ba. Akwai hanyar wanke suna. Wani lokaci yakan zo da kansa, in shekaru masu yawa sun wuce mutum bai sake laifi ba. Akwai kuma wanda ake roƙo. Bayan shekarun da doka ta ƙayyade, gwargwadon girman laifin, sai ka rubuta wa mai gabatar da ƙara na gwamnati, ka nuna ka biya tara da diyyar da aka ɗora maka, ka faɗi wuraren da ka zauna tun fitarka. Za a binciki halinka, sannan kotun ɗaukaka ƙara, irin ta Yamai ko ta Damagaram, ta yanke. In ta yarda, hukuncin ya daina fitowa a takardar da ake ba ka. A nan ma takardun aikin nan da ka tara za su yi maka rana. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuma ƴan kwangila da shugabannin shantiye, ga roƙonmu. Wanda ya gama wa'adinsa ya biya bashinsa. In kowa ya kore shi, yunwa za ta mai da shi tsohuwar hanya, garinmu ne kuma zai sha wuya. Ku gwada shi wata uku. Ku fara ba shi shebur kafin makulli. In ya riƙe amana, ku ƙara masa.

Ga tambayoyin da za ku tattauna da malaminku:

1. Buhun siminti nawa ake bukata don kankaren ginshiƙi na mita 3 masu kusurwa?
2. Wace lamba ta kaziye ake ba mutum a hannunsa, kuma ina ake karɓar ta?
3. A garinku, wa zai iya tsaya wa wanda ya fito kaso har ya samu aiki?

Ku aiko mana da amsoshinku ta hannun malamin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.