Idan Tsohuwar Mota Ta Cije: Jawabi ga Ɗalibai da Matasan Ma'aikata



Abin da za mu tattauna a kansa yau shi ne ciwon da tsohuwar mota ke fama da shi, wato ta cije ko ta mutu daidai lokacin da aka taka mata totur. Za mu kafa misali da Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kamfanin PAN kuma ya buɗe masana'antar haɗa motoci a Kaduna a 1975, shekarar da kuɗin Udoji suka shiga hannun ma'aikata. Ko da yake an daɗe da daina haɗa ta, da yawanmu mun gaje ta daga iyaye, ko kuwa ita ce albashinmu ya iya saye.

Kada a ɗauki wannan ciwo da wasa. Direban da ya taso daga Gusau zuwa Ƙauran Namoda, ya fito zai wuce tirela a wajen Sakajiki, ya taka totur mota ta cije, ga wata ta taso gabansa, to ransa da na fasinjojinsa suna cikin hatsari. Haka nan, a halin rashin tsaro da yankinmu ke ciki, ba wanda zai so motarsa ta mutu da magariba a hanyar Zurmi ko Shinkafi.

Inji yana buƙatar abubuwa uku: mai, wuta da iska. Yadda motar ke cijewa shi ke nuna wanne ne ya gaza a cikinsu.

Na farko, idan ta cije da zarar an taka totur, sannan ta farfaɗo ta ci gaba, a duba kafireto. A cikinsa akwai ɗan famfo mai feso fetur a duk lokacin da aka taka, domin iska takan riga mai shiga inji. A kashe mota, a cire matatar iska, a leƙa maƙogwaron kafireto, wani ya taka totur. In ba a ga fetur ya tsarto ba, to ko robar famfon ta yage, ko ƙofarsa ta toshe.

Na biyu, idan tana tafiya lafiya, sai an daɗe ana gudu ko an hau tudu ta mutu, bayan 'yan mintoci kuma ta tashi, to mai ne ba ya isa. A fara da matatar mai, domin tsatsar tsohon tanki takan cika ta. Sai a buɗe murfin tanki. In an ji ya zuƙi iska, kafar shan iskarsa ta toshe. Daga nan a gwada famfon mai. A zafin Maris da Afrilu kuwa, fetur kan zama tururi cikin bututun da ya kusanci inji, ya hana famfo aiki har sai ya huce.

Na uku, idan tana fizga tana harbi ta salansa in an yi mata lodi, a koma wajen wuta. Tazarar bakin kwantak milimita 0.4 ce. In ya ƙone ko ya matse, wuta ta raunana, kuma sau da yawa kwandansa ce ke ƙona shi. Kwayil mai rauni yakan yi aiki da safe, ya gaza in ya ɗau zafi. Fulogi ma shaida ne: baƙi mai kunkunniya alamar mai ya yi yawa, fari alamar mai ya yi kaɗan, ruwan ƙasa kuwa lafiya ke nan.

Na huɗu, idan tana baƙin hayaƙi tana shaƙewa, a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa. In kuwa iska na satar shiga ta gindin kafireto, mai zai yi kaɗan, ita ma ta cije.

Kafin duk wannan, mu tambayi kanmu inda muka sha mai. Mun tuna yadda fetur mai gaurayen methanol ya lalata motoci a ƙasar nan a Fabrairun 2022. Man 'yan bumburutu ma wani lokaci yakan zo da ruwa ko kananzir. A zuba kaɗan a kwalba a bar shi ya natsu, ruwa zai kwanta a ƙasa.

Ƙorafinmu shi ne gyaran gangar Auzinawa, inda akan sa mutum ya sayi kafireto sukutum alhali matata ce ta toshe. Mu je gareji da bayani: yaushe ta cije, da sanyi ko da zafi, a tudu ko a shimfiɗe, wane irin hayaƙi ta yi. Mu nemi a fara da abu mai araha, a canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na biyu, a kuma nuna mana tsohon da aka cire. Makanike na gari ba zai ƙi wannan ba. Motar da ke cijewa kuwa, kada a hau babbar hanya da ita sai an gano ciwonta.

 Allah Ya kiyaye hanya.