Durowa da Sif a Ɗakin da Akwai Mai Rarrafe

 

Yau za mu shiga ɗaki ne, har ƙurya, mu duba kayan nan da iyaye suka yi ɗawainiya suka yi mana: sif, durowa, kabet da madubin kwalliya. Duk macen da aka yi wa jere tana alfahari da su. To amma 'yar uwa, ranar da ɗanki ya fara kama abu yana miƙewa, daga ranar nan kayan ɗakinki sun zama abin sa ido.

Bari in fara da abin da ya faru da ni. Ɗana na biyu yana da shekara biyu ba wata biyu, na ajiye alawa a kan durowa don kada ya gani, na fita tsakar gida kwashe shanya. Ashe ya gani. Ya jawo aljihun ƙasa ya taka, ya jawo na biyu zai hau. Sai jin ƙara na yi, rim! Na shigo na tarar durowa ta kifo, bakin gado ya tare ta, yaro yana ƙarƙashi a ɗan sararin da ya rage, yana tsala ihu. Madubi ya tarwatse, amma shi ko ƙwarzane bai yi ba. Da a ce gadon nan ya matsa da taku ɗaya, da yau wani labarin nake ba ku.

Da yawanmu muna cewa, ai durowar nan nauyi gare ta, maza biyu suka shigo da ita, ina yaro zai iya kayar da ita? Ga yadda abin yake. Durowa doguwa ce, amma gindinta ba shi da faɗi. Idan aka jawo aljihunta cike da kaya, nauyin da ke ciki ya dawo gaba. Yaro ya taka ko ya rataya, nauyinsa ya ƙaru a kai, sai ta rinjayo. Haka ƙofar sif idan yaro yana lilo da ita, balle mai madubi a jiki. In kuma daɓen ɗakin ba daidai yake ba, ko an ɗora ta a kan kafet mai taushi, abin ya fi sauƙi. Nauyin nan da muke ganin shi ne tsaro, shi ne ke danne ƙirjin yaro ya hana shi numfashi, har ya kasa kukan da za ki ji.

Kuma ba a nan kaɗai ba ne. A Amurka, a shekarar 2016, kamfanin IKEA ya janye durowa kusan miliyan 29 daga hannun jama'a, bayan da wasu suka faɗo wa yara ƙanana suka rasu. A ƙarshen 2022 ƙasar ta yi doka, wadda ta fara aiki a 2023, cewa dole a gwada irin waɗannan kaya kafin a sayar, da nauyin da ya kai na yaro mai kilo 27. Mu kuwa namu kafinta ne ke ƙerawa, mu duba fenti da ado mu biya. Gwajin ya rage namu a cikin ɗaki.

To mene ne abin yi? Akwai wanda za ki yi da hannunki yau ɗin nan, ba sai kin jira kowa ba.

Na farko, sauke duk abin da ke jan hankalin yaro daga sama: alawa, biskit, waya, rimot, 'yartsana. Abin da ya hango shi yake hawa ya ɗauko. In ɓoyewa za ki yi, ɓoye inda bai ga kin sa ba.

Na biyu, sauya jere. Kaya masu nauyi, irin su bargo, atamfofi da manyan kuloli, su koma ƙasa. Marasa nauyi su hau sama. Akwatunan lefe da tarin kwanonin da muke ɗorawa a kan sif, a sauko da su. Talabijin ma kada ta zauna a kan durowa, don ita ce ke fara zamowa.

Na uku, kada ki bar aljihu a buɗe, kuma kada ki buɗe biyu a lokaci guda. Mai makulli ki kulle, ki cire makullin. Wadda ba ta da shi, ki zura tsumma mai ƙarfi ta cikin mariƙan ki ɗaure tamau, ki yanke jelar don kada ya naɗa a wuya. Sannan ki duba abin da ke aljihun ƙasa. Magani, reza, allura, ashana, man shafawa, duk su bar wurin.

Babban aikin kuwa shi ne ɗaure ta da bango, kuma wannan sai da maigida. Idan ya dawo ya ci abinci ya huta, ki jawo aljihu biyu, ki ɗan danna da hannu ya ga yadda bayanta ke ɗagawa. Gani ya kori ji. Ki roƙe shi ya kawo kafinta ya kama saman durowar da bango, da ƙarfe mai kusurwa guda biyu da noti. A kama katako mai kauri, ba falankin bayan nan mai laushi ba. In ginin ƙasa ne, ƙusa ba ta riƙewa, sai kafinta ya nemo inda zai kama da ƙarfi, ko a mayar da durowar ɗakin da ake kullewa. 

In kuma tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, ki ɗage kayan, ki kira mutanen gida. Kada a girgiza yaro, kada a miƙar da shi da ƙarfi, kada a tsaya shafa man zafi. In ya suma, ko yana amai, ko barci ya rinjaye shi ba lokacinsa ba, ko jini ko ruwa na fita ta kunne ko hanci, ko numfashi na yi masa wuya, asibiti kai tsaye. Ko da ya tashi yana wasa, in a kai ko ƙirji ko ciki ta same shi, a kai shi a duba, don rauni na ciki ba ya nunawa nan take. Shi ya sa nake ba ki shawara, ku yi magana da maigida tun yanzu, ya ba ki izinin fita da yaro asibiti in irin wannan ta taso ba ya nan, kuma ku san wanda zai kai ku.

Wata za ta ce ai komai ƙaddara ce. Haka ne, amma an hore mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Ki gaya wa abokiyar zamanki, ki gaya wa yayyen yaran, don ɗan gida ba ɗaki ɗaya yake shiga ba.

Da an rufe shirin nan, tashi ki duba ɗakinki. Durƙusa daidai tsayin ɗanki, ki ga abin da yake gani. Allah ya raya mana zuri'a, ya tsare mana su. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, a huta lafiya.